Yadda Muka Karɓo Gawar Yaya a Abuja

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wanda ya zo gaisuwa, yana shafa fatiha sai ya matso ya ce, "To Malam Sani, ya Abujar take?" Jiya har mai taki ya tsare ni a bakin masallaci yana tambayar wai da gaske ne titinsu mota huɗu ke jerawa. Wallahi ban ƙirga ba. Kwana biyar na yi a garin nan, kuma abin da na fi sani a cikinsa benci ne da tagar ofis. To bari in faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji, don ni na gaji.

Ranar Litinin da hantsi ina cikin aji aka ce in zo shagon mai kemis, an bugo waya. Kun dai san tasa ce kaɗai wayar hannu a unguwarmu. Wani mutum ne da Hausa a karkace, ya ce sunansa Sande, direban tifa ne, ɗaki ɗaya suke kwana da yayana Isiyaku a Mpape. Ya ce dutse ya faɗo wa Yaya da safe a wurin da suke fasa dutse, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na miƙa wa mai kemis wayarsa ban ma kashe ba.

Na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana tsince wake a tsakar gida. Na durƙusa na ce, "Inna, sai haƙuri. Yaya lokaci ya yi." Ta ajiye faifan a hankali. Sannan ta ce, "Tashi ka kama hanya. Ka rufe shi gobe da wuri, kada ka bar shi a waje." Na ce to. A zatona abin da ke gabana ke nan: wanka, likkafani, salla, kabari. Kamar yadda muka yi wa Baba, ya rasu da asuba, kafin hantsi ya ɗaga mun dawo daga maƙabarta.

A Funtuwa na samu ƙaramar bas mai zuwa Zuba. Mu goma sha takwas a wurin mutum goma sha huɗu, gwiwata a bayan wani, buhun kukar wata dattijuwa a kan ƙafata. Kusa da ni wani mutum ne da babbar riga da jakar takardu, wai kwangila zai je nema. Tun daga Giwa yake ba ni labarin yadda kuɗi ke yawo a Abuja, wai ko tsintsiya ka kai ma'aikata sai ka gina gida. Da ya ji abin da ya kai ni sai ya yi shiru, ya saya mini ruwa a Zariya, bai ƙara cewa uffan ba. Allah Ya saka masa, wannan shirun ya fi mini ruwan.

Muna wuce Kaduna taya ta fashe. Sifiyar direban kuma babu iska, sai da ya hau wata motar da ita ya je ya dawo, mu kuwa muna tsugune a bakin titi muna korar ƙuda. Shingen 'yan sanda kam na daina ƙirgawa. Amma iyakar gaske ita ce Zuba. Ba a duba fasfo, ba a buga hatimi, sai dai a nan motar gida ke tsayawa, a nan kuma kake jin ka zama baƙo. Kowa na Hausa, amma ba wanda ya tsaya ya gama gaisuwa. Na yi wa wani sallama zan yi tambaya, kafin in kai "ya gajiya" ya yi gaba.

Sande ya zo ya ɗauke ni da tifarsa ana kiran magariba. Ƙato ne, mutumin Filato, idonsa ja wur. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Isiyaku mutum mai kyau ne. Shekara biyar ni da shi, ko faɗa ɗaya babu." Ya juya ya share ido da hularsa. Haka na shiga babban birnin tarayya, a gaban tifa, ƙafata a kan jarkar man gas.

Mpape a kan tudu take. Idan ka tsaya za ka hango manyan gine-ginen da ake ta yi a ƙasa, kuma da dutsen nan ake yin su. Su masu fasa shi suna sama cikin ɗakunan langa-langa, hanya sai ta ƙafa, ruwa sai mai kura ya turo. Ɗakin su Yaya bai fi shagon mai kemis girma ba. Ga tabarmarsa, ga 'yar rediyonsa, ga takalmin robarsa a bakin ƙofa da busasshen laka. Matar maƙwabcinsu ta kawo mini sakwara da miyar agushi. Ban saba ba, ga yaji kamar da gayya, amma na ci, don ta tsaya a kaina sai da ta ga na kai loma.

Talata da sassafe muka tafi asibitin da aka ajiye shi. A hanya har na sa Sande ya tsaya in tambayi kuɗin alawayyon likkafani, don ina lissafin kafin azahar mun gama. Mai kula da mutuware, ɗakin ajiye gawa, ya shigar da ni. Sanyin ɗakin ya doke ni tun daga ƙofa. Ya jawo wata durowa ta ƙarfe, sai ga Yaya, da lamba a rubuce a jikin filasta an manna masa a goshi. Na taɓa hannunsa na janye. Ban yi kuka a gida ba, ban yi a mota ba, a nan na yi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Na ce, "To Malam, a ba mu shi."

Ya dube ni kamar na ce ya ba ni asibitin. Ya ce, "Oga, wannan haɗari ne. Sai da takardar 'yan sanda."

Muka tafi ofishin 'yan sanda. Muka zauna a benci daga ƙarfe goma har bayan azahar, wai mai riƙe da fayil ɗin ya fita. Da ya dawo, wani sufeto ne mai furfura, bai yi mini tsawa ba, gaskiya. Ya ce doka ita ce likita ya buɗe gawar ya duba abin da ya kashe shi, sai dai idan ɗan'uwansa na jini ya je kotu ya yi rantsuwa cewa dangi ba sa so.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me za a duba? Dutse ne ya kashe shi, mutum ashirin suna kallo. Ni ne ƙanensa, zan rantse."

Ya ce, "Kai ne na biyar."

Ban gane ba. Ashe tun jiya mutanen wajenmu da ke Mpape suke ta zuwa, mai shayi, mai wankin hula, wani mai gadi, har da mai kurar ruwa, kowa ya ce ɗan'uwansa ne a ba shi gawa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, a wurinmu wanda kuka fito ƙasa ɗaya ai ɗan'uwa ne, balle a kan gawa. So suke su suturta shi kafin rana ta faɗi. Amma shi sufeto abin da ya gani daban: mutum huɗu, sunan uba huɗu. Ya ce in kawo katina. Na miƙa masa na aiki. Ya ajiye shi kusa da na Yaya ya ce, "Karanta." Na Yaya an rubuta Isiyaku Garba. Nawa kuwa Sani ne, sai sunan ƙauyenmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hedimasta ne ya sa mini tun ina aji ɗaya, duk 'yan ajinmu sunan gari aka maƙala mana. Shi Yaya bai yi boko ba, sai ya tafi da sunan Baba."

Ya ce, "Na yarda da kai, Malam. Fayil ne bai yarda ba. Je kamfaninsu ka karɓo fom ɗin da ya cike ranar da aka ɗauke shi aiki. Wanda aka rubuta a ciki a matsayin makusancinsa, shi zan ba wa gawa."

Yaya ya ƙara kwana a durowa.

Laraba muka wuni a ofishin kamfanin, wata kwantena ce mai na'urar sanyi a gefen ramin dutsen. Manaja ya tafi gari, makullin kabad na wurinsa. Da rana aka busa jiniya, kowa ya ruga ya fake, aka tashi nakiya, ƙasa ta girgiza har kofin shayin akawu ya faɗi. Ƙura na lafawa leburori suka koma bakin aiki, daidai wurin da abin ya faru shekaranjiya. Na tambayi Sande ko an yi hutun ko yini ɗaya. Ya ce, "Hutu? Tifa arba'in yana layi." A gida in an yi rasuwa a unguwa, ko tela ba ya taka keke sai an kai an dawo.

Wajen la'asar manajan ya iso, ya yi mini gaisuwa da Turanci, aka fito da fom ɗin. A gurbin makusanci, wanda za a nema in wani abu ya faru, akawu ya nuna mini da biro: Hauwa'u Garba, mahaifiya. Ga dangwalen Yaya a ƙasa.

Na ce, "Tsohuwa ce. Ba ta taɓa wuce Funtuwa ba."

Akawun ya ɗaga kafaɗa.

Na koma wurin sufeto na yi magiya har na ji muryata ta fara tashi, Sande ya ja ni waje. Daga nan na nemi mai wayar haya a ƙarƙashin lema, na buga wa mai kemis ya kai wa Inna. Ni da aka aika in rufe shi Talata, ga ni Laraba ina gaya wa tsohuwa ta taso. Na yi mata bayani sau biyu. Ta ce, "Har yanzu yaron nan yana waje?" Na ce e. Ta ce, "Gobe ina tafe."

Alhamis da safe, kafin ta iso, na je wurin Alhaji Bashir, ɗan tsohon limaminmu da ke babban muƙami a wata ma'aikata. Sai da na cike takarda a ƙofa kafin in ga mutumin da muka yi kiwon awaki tare. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Hausarsa rabi Turanci ce yanzu, sai na riƙa tsintar abin da zan iya. Na ɗauka waya ɗaya zai buga a sake mana gawa. Ya ce, "Sani, nan ba gida ba ne. An sha ba da gawa ga wanda bai dace ba, dangi su zo daga baya a yi ta shari'a. Ba wanda zai sa wuyansa." Amma ya yi abin da zai iya. Ya sa direbansa ya kai ni inda ake yankar takardar kabari, don ashe ko rami ba ka haƙa wa mamacinka sai da izini, ya kuma yi mana alkawarin motar ɗaukar gawa.

Da la'asar na tari Inna a Zuba. Direban garinmu ya riƙo hannunta ya sauko da ita, ƙafafunta sun kumbura, ƙunshi ɗaya a hammata. Ba ta kalli gini ko ɗaya ba har Mpape. Ta hau tudun nan tana hutawa sau uku. Da ta shiga ɗakin ta zauna a kan tabarmar Yaya ta kwance ƙunshin: ganyen magarya ne da turare, da alawayyon da ta tanada wa kanta tun rasuwar Baba. Sande ya durƙusa a ƙofa ya ce, "Sannu, Mama. Mama ya sha hanya." Ta ce, "Kai ne ka zauna da shi? Allah Ya yi maka albarka."

Juma'a ƙarfe takwas muna kotu, a ofishin rantsuwa. Layi har waje: masu canjin suna, masu ɓatan takardu, masu neman shekarun haihuwa. Janareto na ruri a bayan taga. Wani ya tashi ya ba Inna benci. Da layi ya zo kanmu muka tarar wata mata ce a teburin, Bahaushiya, da gilashi da farin mayafi. Ta duba takardun, ta yi mana ta'aziyya, ta buga abin da za ta buga a keken rubutu. Sannan ta ce, "Mama, za ki rantse cewa ke kika haife shi, kuma ba ki yarda a buɗe gawarsa ba. Sunanki?"

"Hauwa'u."

"Sunan mamacin?"

Na yi caraf na ce, "Isiyaku Garba."

Ta ce, "Malam, ba kai ke rantsuwa ba."

Sai a lokacin na ga ramin da muka faɗa. Yaya ɗan fari ne. Ku kun san abin, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa: irin su Inna ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Tun yana jinjiri kakarmu ta ɗauke shi. Ni tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. "Yaron nan" take cewa, da ya tafi Abuja ya koma "mutumin can." Akwai wani Isiyaku mai nama a kasuwarmu, shi ma ba ta kiransa sai "mai sunan wane."

Na sunkuya na ce wa matar a hankali, "Hajiya, ɗan farinta ne."

Ta cire gilashin ta ajiye. Ta ce, "Na gane tun da ta yi shiru. Ni ma 'yar fari ce, Malam. Amma rantsuwa ce zan sa wa hannu, cewa na ji daga bakinta. Ba zan rantse a kan abin da ban ji ba." Ta juya ga Inna ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Ko a kunnena ne ki faɗa."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Na baya sun fara tsaki, wani na cewa a yi sauri yau Juma'a ce. Ni kuwa agogon bango nake kallo, don in aka tashi masallaci ba mu gama ba, ofis ya rufe ke nan sai Litinin, Yaya ya ƙara kwana uku. Na buɗe baki zan roƙe ta na kasa. Wane ni in ce wa Inna ta yar da abin da ta riƙe tun kafin a haife ni?

Ita da kanta ta sauke mayafin. Ba ta sunkuya kunnen kowa ba. Ta ɗaga murya yadda ake kiran yaro daga bayan gida ya zo ya ci tuwo, ta ce, "Isiyaku."

Duk ofishin aka juyo. Ta ƙara da cewa, "Ni na haife shi. Kada a yanka mini shi."

Matar ta kama babban yatsan Inna ta dangwala a tawada ta danna a takarda, ta buga hatimi, ba ta ɗago ta kalle mu ba.

Daga nan sai gudu. Sufeto ya sa hannu a tsaye. Mai mutuware ya ɓare filastar ya ba mu shi. Wankan ma sai da muka sa aka ɗumama ruwa muka yi ta zubawa kafin gaɓoɓinsa su saki, ni da limamin Mpape da mai shayin nan da ya fara cewa ɗan'uwansa ne. Muka naɗe shi a alawayyon Inna. Bayan an sauko Juma'a aka yi masa salla, sahu uku, yawanci leburori da ƙurar dutse a gira. Alhaji Bashir ya zo da farar shadda, ya kuma kama makara har ta ɓata masa kafaɗa. A maƙabarta mun tarar an haƙa ramuka a jere tun kafin a san masu shiga, aka nuna mana namu da lamba. Sande ya tsaya daga gefe da hula a hannu har muka gama. Da na zuba ƙasa ta ƙarshe ba baƙin ciki na fara ji ba, Allah Ya yafe mini, sauƙi na ji, kamar an sauke mini buhu.

Asabar muka kamo hanya. Sande ya ɗaure kayan Yaya a buhu ɗaya ya kai mu Zuba, ya ƙi tafiya sai da motarmu ta tashi. Na samar wa Inna gefen taga. Ba ta ci ƙosan da na saya mata ba, har muka wuce Kaduna. Na ɗauka barci take. Muna gab da Zariya sai na ji ta ce, "Sani."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Da ya zo babbar salla, ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana gaishe ni. Ya daɗe a durƙushe. Na juya masa baya na ce da ƙanwarku, a ba mutumin can ruwa."

Na ce, "Inna, ai ya sani. Haka kowa ke yi."

Ta ce, "Shekara arba'in da uku ina riƙe da sunan nan a bakina. Jiya na faɗa, ɗaki cike da baƙi, kowa ya ji." Ta gyara mayafinta ta juya wajen taga. "Shi kaɗai ne bai ji ba."